Yadda Ake Auna Riba da Asarar Babbar Gasar Wasanni ga Garin da Ya Karɓi Baƙunci

Jawabin da ake yi ranar rufe babbar gasa kusan iri ɗaya ne, ko a Doha aka yi shi ko a filin makarantar firamare ta hedikwatar wata ƙaramar hukuma: jama'a sun cika maƙil, kasuwa ta buɗe, matasa sun samu abin yi, sunan gari ya fita. Ba dole ne waɗannan maganganu su zama ƙarya ba, sai dai akasari ba a kan lissafi aka gina su ba, kuma mai faɗarsu shi ne wanda ya shirya taron, wato mutumin da ya fi kowa buƙatar a ce an ci riba. Wannan jagora ta shafi ɗan kwamitin ci gaban gari, kansila, ma'aikacin sashen wasanni, malamin makaranta ko ɗalibi a karkarar Kano da Jigawa, wanda aka ɗora wa alhakin gano abin da gasar dambe, kokawa, sukuwar dawaki ko kofin ƙwallon ƙafa ta jawo wa garinsa. Hanyar da masana tattalin arziki suke bi wajen auna Gasar Cin Kofin Duniya ita ce dai za ta yi aiki a Gumel ko Rano, illa dai alƙaluman su ƙanƙance. Abin da ake nema shi ne a san nawa ne sabon kuɗin da ya shigo daga waje saboda gasar kaɗai, nawa ne ya kwana a garin, a hannun wa ya kwana, kuma me aka rasa kafin a same shi.

Mataki na farko: a shata iyakar wuri da ta lokaci

Kafin a ƙirga ko da naira ɗaya, sai an tsayar da yankin da ake yi wa lissafi, domin abin da ya zama riba ga ƙaramin yanki, sauyin aljihu ne kawai ga yankin da ya fi shi faɗi. Idan aka yi gasar kokawa a Gumel, mutumin da ya taso daga Maigatari ya ci abinci ya kwana, baƙo ne da ya kawo sabon kuɗi matuƙar ƙaramar hukumar Gumel ake aunawa. Idan kuwa Jihar Jigawa baki ɗaya ake aunawa, bai ƙara komai ba, domin abin da ya kashe a Gumel shi ne abin da bai kashe a Maigatari ba. Wanda ya tsallako daga Damagaram shi ne baƙo ta kowace fuska. Ƙa'idar da ta fi sauƙin karewa a gaban masu jayayya ita ce a daidaita iyakar da aljihun da ya biya: in ƙaramar hukuma ce ta zuba kuɗi, iyakarta ce iyakar lissafi, in kuma jiha ce, sai a ɗauki jihar.

Lokaci kuma a raba shi uku, wato watannin shiri, ranakun gasar, da aƙalla shekara guda bayan an watse. Wanda ya tsaya a ranakun gasar kawai zai ga ciniki ne ba tare da ya ga bashi ba.

Mataki na biyu: a auna garin tun gasar ba ta zo ba

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma idan aka tsallake shi duk abin da ya biyo baya kintace ne. Ba za a iya cewa ciniki ya ƙaru ba sai an san yadda yake a ranar da babu gasa. Saboda haka makonni huɗu zuwa shida kafin a fara, mai binciken zai zaɓi wasu masu sana'a da za su wakilci sauran, kamar masu shayi, masu tsire, mata masu abincin sayarwa, masu fura da nono, 'yan acaɓa, direbobin tasha, masu cajin waya da masu POS, ya riƙa rubuta cinikinsu na ranar kasuwa da na ranar da ba kasuwa ba. Sarkin Pawa ya san adadin dabbobin da ake yankawa a mako, 'yan kamasho sun san motocin da suke lodi, masu yankan rasit a kasuwa kuma suna da littafi. Ya kamata a shiga wannan aiki tare da mai unguwa ko dagaci, a kuma bayyana wa mutane tun farko cewa ba aikin haraji ba ne, domin ɗan kasuwar da ya yi zaton za a ƙara masa kuɗin rumfa zai rage alƙaluminsa, wanda kuma ya yi zaton tallafi za a raba zai ninka asararsa.

Abubuwa uku ne suke ruɗa mai lissafi a karkararmu. Na farko ranar kasuwa: wanda ya kwatanta cinikin Juma'ar gasa a Wudil da na ranar Talata, ko Alhamis ɗin Maigatari da wata ranar daban, kasuwar shanu ya auna ba gasa ba. Na biyu lokacin shekara, domin dambe da kokawa tun asali wasannin kaka ne, lokacin da manomi ya sayar da amfanin gona yake da kuɗi a hannu, kuma ciniki yakan tashi a wannan lokaci ko da ba a buga kalangu ko sau ɗaya ba. Na uku hauhawar farashi. A Disamban 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, wanda ke nufin mai shayin da kuɗin cinikinsa ya ƙaru da kashi 30 cikin ɗari a kan na bara, a zahiri baya ya ci. Maganin wannan shi ne a riƙa rubuta yawan kaya tare da kuɗinsu: kwano nawa na shinkafa aka dafa, raguna nawa aka yanka, katan nawa na lemo ya ƙare.

Idan da hali, a zaɓi wani gari maƙwabci mai girma iri ɗaya wanda ba a yi gasa a cikinsa ba, a riƙa ɗaukar alƙalumansa a makonnin nan. In ciniki ya tashi a garuruwan biyu, kaka ce ta ɗaga shi. Ratar da ke tsakaninsu ce kaɗai za a iya jingina wa gasar.

Mataki na uku: a tattara kuɗin da aka kashe, har da wanda ba a rubuta ba

Kada a taɓa ɗaukar kasafin da aka sanar a farko a matsayin abin da aka kashe. Binciken da Bent Flyvbjerg da abokan aikinsa suka yi a Jami'ar Oxford ya nuna cewa duk gasar Olamfik da suka samu alƙalumanta tun daga 1960 ta zarce kasafinta, kuma matsakaicin zarcewar ya haura kashi 150 cikin ɗari. Landan ta nemi gasar 2012 da kasafin fam biliyan 2.4, amma zuwa 2007 gwamnatin Birtaniya ta mayar da shi fam biliyan 9.3. Birnin Montreal na Kanada ya karɓi gasar 1976, bai gama biyan bashinta ba sai 2006, bayan shekara talatin, kuma da harajin taba sigari aka biya wani kaso mai yawa na bashin. Idan ƙasashe masu ƙwararrun akantoci suna faɗawa wannan hali, bai kamata kwamitin gari ya yarda da takardar farko ba.

A matakin gari, abin da ake gani a fili shi ne kyaututtuka, hayar rumfuna da kujeru, lasifika, janareto da mansa, masaukin 'yan wasa da sallamar makaɗa. Abin da ba a cika rubutawa ba ya fi wuyar kamawa: alawus na 'yan sanda da 'yan sintiri, man motocin ƙaramar hukuma, kwanakin da ma'aikata suka bar ofis, abincin da gidan hakimi da gidajen masu hali suka yi wa baƙi kyauta, azuzuwan da aka mayar masauki, da gonar da aka tattake ta zama wurin ajiye motoci. Duk wanda ya ba da wani abu kyauta ya yi asarar abin da zai samu da ya sayar, don haka a yi masa farashi a rubuta. Kuɗin da wani kamfani ko attajiri daga waje ya bayar kuwa a ware shi gefe, domin shi shigowa ya yi, ba daga aljihun gari ya fita ba.

Sai kuma babban lamari, wato gini. Filin wasa ba a gama biyansa ranar da aka yanke ƙyalle, domin kowace shekara yana cin kuɗin ruwa, ciyawa, wuta, maigadi da gyara. An gina babban filin wasa na Abuja mai ɗaukar mutum kusan 60,000 domin Wasannin Afirka na 2003, amma an yi shekaru ciyawarsa ta lalace har Super Eagles suka riƙa buga wasanninsu a Uyo. Filin Surulere da ke Legas, wanda ya karɓi Wasannin Afirka na 1973 da wasan ƙarshe na Kofin Afirka na 2000, shi ma an bar shi ya lalace. A Brazil, filin birnin Manaus wasa huɗu kacal ya karɓa a Kofin Duniya na 2014, a garin da ba shi da ƙungiyar da za ta cika shi, na Brasilia kuma har an mayar da harabarsa wurin ajiye motocin bas. Los Angeles ta Amurka kuwa, a gasar Olamfik ta 1984, ta yi amfani da filayen da take da su tun da, ta kuma fita da rarar sama da dala miliyan 200.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, wanda ya karɓi wasanni a gasar matasa ta duniya ta 1999, da Kofin Afirka na 2000, da gasar 'yan ƙasa da shekara 17 ta 2009. Abin da ya bambanta shi da na Manaus shi ne yana da mai shiga bayan baƙi sun tafi, wato Kano Pillars da magoya bayanta. Don haka duk ginin da aka yi da sunan gasa, a rubuta a gefensa sunan wanda zai yi amfani da shi a mako na biyu bayan an watse, da wanda zai biya kuɗin kula da shi. Idan babu amsa, a jera shi cikin asara. Hanya, rijiyar burtsatse ko taransifoma da aka kawo saboda gasar kuwa, a tambaya ko dama suna cikin kasafin shekarar. In suna ciki, gasar ta gaggauta su ne kawai, ba ita ta samar da su ba.

Mataki na huɗu: a ƙirga mutane, ba tikiti ba

Tikiti 12,000 a kwana uku ba mutum 12,000 ba ne, domin mai son dambe yakan shiga kullum. A wurin da ba a yankar tikiti, sai a sa mutum biyu a kowace ƙofa su riƙa ƙirgawa na minti goma a kowace awa, ko a auna faɗin filin a ƙiyasta mutum nawa ke tsayawa a kowace murabba'in mita. Kada a karɓi adadi daga bakin mai sanarwa. Ko a manyan gasanni hasashe yakan zarce gaskiya: kafin Kofin Duniya na 2010 an yi hasashen baƙi sama da 450,000 za su shiga Afirka ta Kudu, amma waɗanda aka ƙirga daga baya kimanin 310,000 ne.

Bayan ƙirga sai tambaya. A horar da matasa kaɗan, maza da mata, a ba su takarda mai tambayoyin da ba su wuce shida ba, a umarce su da su tsayar da kowane mutum na goma da ya shigo, ba wanda fuskarsa ta yi musu ba, domin idan aka bar wa mai tambaya zaɓi abokansa zai tara. Za a tambayi mutum daga ina ya zo, kwana nawa zai shiga filin, a ina yake kwana, nawa ya kashe a kan abinci, sufuri a cikin gari, masauki da tsaraba, da kuma mutum nawa wannan kuɗin ya ɗauka. Tambayar da ta fi duka nauyi ita ce ta ƙarshe: "Malam, da ba a yi wannan gasa ba, da ka zo garin nan a wannan mako?" Amsoshi 300 zuwa 400 da aka tattara a ranaku da lokuta daban-daban sun wadatar ga taron gari.

Mataki na biyar: a yi ta cirewa har a kai ga kuɗin da ya kwana

A nan ne rahoton gaskiya yake rabuwa da na farfaganda, kuma aikin duk na ragi ne.

Da farko a cire 'yan gari. Matashin da ya kashe naira 3,000 a filin dambe, kuɗin da zai kashe a gidan kallon ƙwallo ko wajen mai shayin unguwarsu ne ya karkatar, saboda haka ribar mai tsiren bakin fili asarar mai tsiren tasha ce. Sannan a cire baƙin da dama za su zo, kamar wanda ya zo cin kasuwa ko ɗaurin aure ya leƙa filin da yamma, da wanda ya saba zuwa gaida iyayensa a ƙarshen wata amma ya matso da tafiyar ta dace da gasar. Bayan haka a nemi waɗanda gasar ta kora. Dattijon da ya fasa kawo awakinsa kasuwa saboda cunkoso, da matar da ta fasa zuwa awo saboda kuɗin acaɓa ya ninka, kuɗinsu ya tafi wata kasuwar. Wannan ba a ƙauye kaɗai yake faruwa ba, domin a makon farko na gasar Olamfik ta 2012 masu shaguna da gidajen abinci na tsakiyar Landan sun koka da ƙarancin masu saye, saboda mazauna birnin da masu yawon buɗe ido na yau da kullum sun ƙaurace wa cunkoson da aka yi ta gargaɗi a kansa. Alƙaluman mataki na biyu ne za su nuna wannan giɓi.

Ragi na ƙarshe shi ne kuɗin da ya shigo ya fita. Tattalin arzikin ƙaramin gari tulu ne mai yoyo: lemon kwalba, ruwan leda, fetur, katin waya da fulawar burodi duk daga birni ake saro su, don haka abin da ya rage wa mai shago ribarsa ce kawai. 'Yan koli da masu gwanjo da suke bin taro daga gari zuwa gari da cinikinsu suke tafiya. Idan mai shirya wasan daga waje ya zo, kuɗin ƙofa ma binsa yake yi, haka kyautar da ɗan damben ɓangaren Kudu ko na Arewa, na Jamus ko na Guramada (ɓangarorin da 'yan dambe suka kasu) ya ci, tare da abin da aka liƙa wa makaɗinsa. Abin da ya fi zama shi ne abin da aka noma ko aka sarrafa a garin, irin su fura, nono, tuwo, ƙosai, rake, naman dabbar da aka saya a hannun makiyayin yankin, da ladan aikin hannu.

Ga misali na ƙage domin a ga yadda lissafin yake tafiya. A ɗauka an sayar da tikiti 12,000, tambayoyi kuma sun nuna kowane mutum ya shiga kwana biyu, wato mutane 6,000 ne. A cikinsu 4,000 'yan ƙaramar hukumar ne, saura 2,000. Daga ciki 500 sun ce dama za su zo, saura 1,500. Idan kowannensu ya kashe naira 8,000 a zamansa, sabon kuɗi ya kama naira miliyan 12. A ce rubu'in wannan a hannun 'yan kasuwar da suka zo daga waje aka kashe shi, saura miliyan 9. A ce rabin wannan kuɗin sarin kayan birni ne, saura miliyan 4.5. Mai jawabin rufe taro kuwa zai ninka 12,000 da 8,000 ya sanar da cewa gasar ta kawo naira miliyan 96. Idan ƙaramar hukuma ta kashe miliyan 10, kuma miliyan 6 daga ciki ya tafi hayar kaya daga birni da kyautar 'yan wasan waje, kowa zai iya ganin inda ma'auni ya rinjaya.

Masu rubuta rahoton manyan gasanni sukan ninka sabon kuɗin sau biyu ko uku, bisa hujjar cewa naira tana zagayawa daga hannu zuwa hannu: mai abinci ta biya mai itace, mai itace ya biya tela. Zagayawar gaskiya ce, amma a garin da kusan komai daga waje ake sayo shi, ba ta yin nisa. Shawarata ita ce kwamitin gari ya bar wannan ninki gaba ɗaya, ya faɗi kuɗin da ya tabbatar, ya ƙara da cewa akwai ɗan abin da zagayawa za ta ƙara. Duk rahoton da aka ga ya ninka ba tare da ya faɗi inda ya samo adadin ninkin ba, a ajiye shi.

Mataki na shida: ayyukan yi

"An samar wa matasa 500 aiki" magana ce da ba ta da ma'ana sai an faɗi na kwana nawa. A mayar da komai zuwa kwanakin aiki: mutum 500 na kwana uku kwanakin aiki 1,500 ne, wanda bai wuce aikin mutum shida na shekara guda ba. A rubuta ko an biya su, nawa aka biya, da kuma ko sun bar wani aikin ne, kamar yankan shinkafa ko casa, suka zo wannan.

Mataki na bakwai: abin da naira ba ta aunawa

Gasar da ta faɗi a lissafin kuɗi tana iya cancanta ta wata fuskar, kuma ba laifi ba ne gari ya kashe kuɗi domin nishaɗi da zumunci, muddin an faɗa wa jama'a cewa abin da aka saya ke nan. An ƙirƙiro Gasar Wasanni ta Ƙasa a 1973 ne domin ɗinke ɓarakar da yaƙin basasa ya bari, ba domin riba ba. A Jamhuriyar Nijar, kokawar takobi da aka fara a Tawa a 1975 tana zagaya jihohi, kuma darajarta a idon jama'a ta wuce cinikin da ake yi a bakin fili. Sai dai ko irin wannan amfani ana iya bin sawunsa. A tambayi 'yan gari, har da waɗanda ba su je kallo ba, ko suna so a sake yi baɗi, kuma ko za su yarda su ba da gudummawa idan aka ce sai da ita. Amsar tambaya ta biyu ta fi ta farko gaskiya. Idan an ce gasar za ta sa yara su rungumi wasanni, a ƙirga ƙungiyoyin da suke atisaye kafin gasar, a sake ƙirgawa bayan wata shida.

Ɓangaren cutarwa ma a bi shi da alƙalami. Rajistar makarantun boko da na Islamiyya za ta nuna yara nawa suka yi fashi, musamman 'yan mata da aka ɗora wa talla, domin matan aure da yawa ta hannun 'ya'yansu suke cin kasuwar taro, kuma ribar uwa a nan tana tafe da asarar karatun 'ya. Littafin asibitin sha-ka-tafi zai nuna raunuka, haɗurran babur da gudawa. Ofishin 'yan sanda, 'yan sintiri da Hisba za su faɗi ƙararrakin sata, faɗan daba da shaye-shaye, a kwatanta da na makonnin baya. A duba farashin abinci da sufuri, domin tsadar kwana uku tana faɗawa ne a kan talakan da bai sayar da komai ba. A zagaya filin bayan an watse a ga ledoji da bayan gida a fili, a kuma tambayi masu gonakin da ke kewaye da masu dabbobi, tunda leda tana kashe akuya.

Batun rai kuwa ba a haɗa shi da kowane lissafi. Ranar 24 ga Janairun 2022 mutum takwas suka mutu a turmutsutsu a ƙofar filin Olembe da ke Yawunde, kafin wasan Kamaru da Komoros a Kofin Afirka. Rahoto ya faɗi ƙofofi nawa aka buɗe, ko akwai motar asibiti, da ko an kusa samun matsala, ko da Allah ya kiyaye.

A ƙarshen wannan mataki a duba yadda amfanin ya rabu. A Afirka ta Kudu a 2010 dokokin FIFA sun hana ƙananan 'yan kasuwa sayar da kaya a kewayen filaye, domin kare kamfanonin da suka ɗauki nauyin gasar. Irin wannan yana faruwa a ƙaramin sikeli duk lokacin da aka tsauwala kuɗin rumfa a bakin fili har ya gagari mai ƙosai, ko aka raba wuraren ga 'yan uwan 'yan kwamiti. A rubuta kaso nawa na rumfunan 'yan gari suka samu, kuma nawa ne na mata.

Mataki na takwas: kwatanci da rubuta rahoto

Kuɗin hukuma yana da wurin zuwa fiye da ɗaya, saboda haka a sa abin da aka kashe a gefen abin da zai iya yi a wani wurin, bisa farashin wannan shekarar: rijiyoyin burtsatse nawa, rufin azuzuwa nawa, buhun taki nawa. Wannan ba yana nufin rijiya ta fi gasa a kowane hali ba, amma masu yanke shawara su ga zaɓin da idonsu. Irin wannan kwatanci ne ya sa Jihar Victoria ta Ostareliya ta janye daga karɓar Wasannin Commonwealth na 2026 a watan Yulin 2023, ta gwammace biyan diyyar dalar Ostareliya miliyan 380 a kan ci gaba da shirin da kuɗinsa ya ninka.

Wanda ya shirya gasar bai kamata ya zama mai auna ta ba. Ana iya neman malami ko ɗalibai daga Jami'ar Tarayya ta Dutse, Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, ko Jami'ar Bayero, ko kuma a kafa ƙaramin kwamiti da ba shi da hannu a kwangila. Rahoton ya raba abin da aka ƙirga da abin da aka ƙiyasta, ya ba da adadi mafi ƙanƙanta da mafi girma maimakon adadi ɗaya, ya kuma ware shafi ga shawarwarin da za a iya aiwatarwa baɗi, kamar keɓe wa 'yan gari rumfuna, sayen abincin 'yan wasa daga matan garin, kauce wa ranar kasuwa da lokacin jarrabawa, da gyara filin da ake da shi maimakon gina sabo. A karanta shi da Hausa a gaban hakimi, dagatai, 'yan kasuwa da wakilan mata, ba a kulle shi a durowar sakatariya ba.

Bayan shekara guda a koma filin a duba ko ana amfani da shi, ko famfon da aka haƙa yana ba da ruwa, ko an gama biyan masu rumfuna da 'yan sintiri haƙƙinsu, a ƙara wannan a matsayin shafi na ƙarshe. A ajiye kwafi ɗaya a sakatariyar ƙaramar hukuma, ɗaya a fadar hakimi, tare da takardun tambayoyin na asali da sunayen sana'o'in da aka bibiya, domin kwamitin da zai auna gasa ta gaba ya samu alƙaluman da zai kwatanta nasa da su.